Salon Maganar Turanci: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Koyo

Ɗalibi yana iya sanin ma'anar kowace kalma a jimlar Turanci, amma jimlar ta gagare shi. Galibi abin da ya tare masa hanya shi ne abin da Turawa ke kira *idiom*, wato salon magana. Ga tambayoyin da masu koyo suka fi yi a kansa, daga 'yan sakandare masu shirin WAEC da JAMB har ma'aikatan da ke musayar wasiƙu da Turawa.

Mene ne *idiom*, kuma me ya sa fassarar kalma-kalma ba ta fid da shi?

Kalmomi ne biyu, uku ko fiye da suka saba tafiya tare har suka daskare, ma'anarsu a dunƙule ta rabu da ma'anar kowace ɗaya a ware. Bahaushe ba baƙon wannan ba ne. In an ce wane yana da farin jini, ba wanda zai ɗauko allura ya duba launin jininsa. Haka "ya ci amana", "ta kashe aurenta", "yana da uwa a gindin murhu". Ba ka taɓa tsayawa ka rarraba su ba. A dunƙule ka ji su tun kana yaro, a dunƙule ka riƙe.

Na Turanci ma haka ake riƙe su. Wanda ya ce jarrabawa *was a piece of cake* bai ci kek ba, cewa yake ta zo masa da sauƙi kamar shan ruwa. In an ce *it cost an arm and a leg*, ba a yanke wa kowa hannu da ƙafa ba, abin ne ya yi ɗan karen tsada. Alamar da za ta nuna maka kana gaban salon magana ita ce ka san kowace kalma, amma ma'anar da ta fito ba ta shiga zancen da ake yi ba. Ana maganar kuɗin haya, sai ga hannu da ƙafa.

Shi ne karin magana?

A'a, ko da yake 'yan gida ɗaya ne. Karin magana jimla ce cikakkiya mai ɗauke da hikima ko gargaɗi, tana tsayawa da ƙafarta: *Don't count your chickens before they hatch*, kada ka ƙidaya 'yan tsaki tun suna cikin ƙwai. Salon magana kuwa guntu ne, sai an saka shi cikin jimla. *Under the weather* bai ce komai ba sai ka ce *She is under the weather*, wato ba ta jin daɗin jikinta, irin 'yar mura ko kasala, ba ciwon kwanciya asibiti ba.

Akwai na uku, *phrasal verb*, wato aikatau da 'yar ƙaramar kalma a bayansa: *put off* ɗagewa, *turn down* ƙin karɓa, *look after* kula da wani, *give up* haƙura. Waɗannan sun fi yawa a maganar yau da kullum nesa ba kusa ba, kuma wanda lokaci ya ƙure masa gara ya fara da su.

Waɗanne ne aka fi cin karo da su?

Ya danganta da inda kake jin Turancinka. A ofis za ka ji *let's call it a day*, a tashi haka sai gobe. *We are on the same page*, fahimtarmu ta zo ɗaya. *It's still up in the air*, ba a tsayar da magana ba tukuna. *Back to square one*, an koma gidan jiya. Sabon ma'aikaci yana *learning the ropes*, yana koyon makamar aiki. *To cut corners* kuma ha'inci ne a aiki don a rage kuɗi ko lokaci, kamar magini ya rage siminti a kwaɓi.

Jaridu suna da nasu. *White elephant* aiki ne da ya ci maƙudan kuɗi, yana ci gaba da ci, amfaninsa kuwa babu. *Red tape* jan ƙafar ofis ne, je ka ka dawo, sa hannu bayan sa hannu. Kamfanin da ke *in the red* asara yake yi ko bashi ya hau kansa, wanda ke *in the black* yana cin riba, kuma wannan ya samo asali ne daga launin tawadar da akantoci ke rubuta asara da riba. Ɗan siyasar da ke *sitting on the fence* ya ƙi nuna ɓangaren da yake. *The tip of the iceberg* na nufin abin da ya fito fili ɗan kaɗan ne, domin kusan kashi tara cikin goma na dutsen ƙanƙarar teku a ƙarƙashin ruwa yake.

A hira kuwa, *you hit the nail on the head* ka faɗi ainihin maganar, *bite the bullet* a cije a yi abin da ba a so amma ya zama dole, *I'm pulling your leg* zolayarka nake yi. *Break a leg* shi ya fi firgita masu koyo. Fatan alheri ne da ake yi wa wanda zai hau dandali ya yi wasa ko waƙa, amsarsa kuma *thank you* ce kawai.

Akwai waɗanda suke da takwara a Hausa?

Da yawa, kuma nan ne Bahaushe ke da rangwame. Da zarar ka haɗa salon Turanci da ɗan'uwansa na Hausa, da wuya ka sake mantawa.

*Let sleeping dogs lie* shi ne a bar kaza cikin gashinta. *To add insult to injury*, ga mari ga tsinka jaka. *Out of the frying pan into the fire*, garin gudun gara an faɗa gidan zago. *The pot calling the kettle black*, gwano ba ya jin warin jikinsa, ko kuma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. *Strike while the iron is hot*, da zafi-zafi akan daki ƙarfe, wannan kam har maƙerar ɗaya ce. *Birds of a feather flock together*, sai hali ya zo ɗaya ake abota. *Half a loaf is better than none*, da babu gara ba daɗi. Wanda ya *spill the beans* ya fasa ƙwai. Ɗan da ya zama *the black sheep of the family* shi ne ya fita zakka a gidansu. *Achilles' heel* lago ne, inda in an kama mutum an gama da shi. *It's raining cats and dogs* ruwa ne kamar da bakin ƙwarya.

Sai dai takwara ba tagwaye ba ne. Mutane kan fassara *the ball is in your court* da "dabara ta rage ga mai shiga rijiya". Sun yi kusa, amma na Hausa yana da ƙanshin gargaɗi, kamar a ce na faɗa maka, ruwanka. Na Turanci babu wannan. Daga wasan tanis ya fito, kuma abin da yake cewa kawai shi ne na yi nawa, yanzu kai ake jira. Saboda haka ka yi amfani da na Hausa a matsayin ƙugiyar ratayewa a ƙwaƙwalwa, sannan ka duba jimloli biyu ko uku na Turanci ka ga inda suka rabu.

Me ya sa waɗanda suka ambaci sassan jiki suka fi ruɗarwa?

Domin wasu sun dace da Hausa cif, sai mutum ya saki jiki ya ɗauka duka haka suke. *Keep an eye on* sa ido ne. *Big-headed* girman kai ne. *Hot-headed* zafin kai ne. *To wash your hands of something* zare hannu ne daga lamarin. Har nan lafiya lau.

To amma *hard-headed* ba lalle taurin kai ba ne. In Baturen Ingila ya ce *a hard-headed businessman*, yana nufin ɗan kasuwar da ba ya barin tausayi ko son rai su shiga lissafinsa, kusan yabo ne. Mai taurin kai *stubborn* ne ko *pig-headed*. Mu muna haddace abu da ka, su suna haddacewa *by heart*. Mu gabanmu ke faɗuwa, su *butterflies in the stomach* suke ji. Mu muna kau da kai daga laifin da muka gani, su suna *turn a blind eye*. *To get cold feet* shi ne tsoro ya kama mutum dab da abin da ya riga ya amince zai yi, kamar angon da ya fara ja da baya ana saura kwana biyu ɗaurin aure. *To give someone the cold shoulder* kuma share shi ne da gangan.

Zan iya sauya kalma ɗaya in ma'anar ba ta canja ba?

Mafi yawan lokaci a'a. Abu biyu ne ke motsawa. Na farko lokacin aikatau: *spill, spilled, has spilled the beans*. Na biyu wakilin suna: *pull my leg, pull her leg*. Sauran duk a daskare suke, wato sunan da ke ciki, tilo ne ko jam'i, 'yan ƙananan kalmomin nan *a* da *the*, da jerin kalmomin. *Pull my legs* kuskure ne, ƙafa ɗaya ce. *Spill the bean* kuskure ne, wake da yawa ne. *A piece of a cake* ya koma kek na gaske. Ka gwada cewa "a bar zakara cikin gashinsa" a gaban dattijo ka ga irin kallon da zai yi maka. Irin abin da kunnen Bature ke ji ke nan.

Kurakuran da aka fi gani a takardun ɗalibai su ne *birds of the same feather* maimakon *birds of a feather*, *bite more than you can chew* da aka yar da *off* ɗin da ke bayan *bite*, da *at all cost* da aka cire wa *s* na ƙarshe.

Na saba jin *more grease to your elbow*. An ce ba daidai ba ne?

Turancin Najeriya ne, kuma a Kano ko Legas kowa zai gane ka. Na Ingila shi ne *more power to your elbow*, shi ma ya tsufa a can. *Elbow grease* wani abu ne daban, aikin ƙarfi irin na goge-goge, da alama su biyun ne suka cakuɗe. Haka *cut your coat according to your size*: asalinsa *according to your cloth*, domin maganar yawan yadin da kake da shi ake yi, ba girman jikinka ba. *The devil you know is better than the angel you don't know* ma namu ne. A nasu babu mala'ika, shaiɗan biyu ne: *better the devil you know than the devil you don't*. *Long leg* da ma'anar hanya ko ɗaurin gindi ba a san shi a Landan ba, can *connections* za ka ce, ko *to pull strings*.

Ra'ayinmu shi ne waɗannan ba abin kunya ba ne, kowace ƙasa mai Turanci tana da irin nata. Amma mai duba takardar jarrabawa da daidaitaccen Turanci yake aunawa, baƙon da ke karanta wasiƙarka kuma bai san su ba. Ka san duka biyun, ka san inda kowanne ke ci.

Ya halatta in rubuta *kicked the bucket* a saƙon ta'aziyya?

Ko kusa. Ma'anarsa mutuwa ce, gaskiya, amma da sigar raha, kamar a ce wane ya sheƙa barzahu. Wanda ya dace da "ya riga mu gidan gaskiya" shi ne *passed away*, gaisuwar kuma *I'm sorry for your loss*. Wannan ita ce matsalar jerin salon magana da ake yaɗawa a WhatsApp da Facebook: suna ba da ma'ana, ba sa faɗin wurin da ake furta abu da wanda ake furta wa. *Hit the sack*, kwanciya barci, na abokai ne. *Stop beating about the bush*, daina kewaye-kewaye, in ka faɗa wa shugabanka a ofis rashin kunya ce. *Raining cats and dogs* da kowane ɗalibi ya haddace, Turawan yau ba su cika faɗinsa ba, *it's pouring* suke cewa.

Na Ingila da na Amurka ɗaya ne?

Yawancinsu ɗaya ne, wasu kuma kalma guda ce ta raba su. Ingila *beat about the bush*, Amurka *around*. Ingila *a drop in the ocean*, Amurka *in the bucket*. Ingila *sweep under the carpet*, Amurka *under the rug*. Ingila *touch wood*, Amurka *knock on wood*. Wanda ke da haɗari shi ne *to table a motion*. A Ingila, da Najeriya da Ghana da suka gaji tsarinta, gabatar da ƙudiri ne a tattauna. A Amurka jingine shi ne. Mai rubuta rahoton taro da Amurkawa ya tambaya kafin ya rubuta.

Yaya ake amsa tambayoyinsu a WAEC, NECO da JAMB?

Yawanci jimla ake bayarwa da zaɓi huɗu ko biyar, a ce ka zaɓi wanda ya fi bayyana ma'anarta. A ce an ba ka *The manager gave Binta the sack*. Da farko ka karanta jimlar har ƙarshe, kada ka tsaya a kan kalmar da ka sani. Sannan ka jefar da duk zaɓin da ya ɗauki kalmomin a zahirinsu, irin "ya ba ta buhu", domin tarko ne aka ɗana wa mai gaggawa. Sai ka tambayi kanka, abin da ya faru alheri ne ko akasinsa? Wannan kaɗai yakan kawar da zaɓi ɗaya ko biyu. A nan amsar ita ce ya kore ta daga aiki. Ka lura da *not*, *hardly* da *never*, suna kifar da ma'ana, kuma ɗalibai da yawa sun san salon amma su faɗi a kan waɗannan.

A jarrabawar JAMB tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Wanda ba ka sani ba, ka yi wannan tankaɗen, ka zaɓa, ka wuce.

A insha'in WAEC mai kalmomi 450, ɗaya ko biyu da suka zauna daram sun isa. A wasiƙar hukuma gara babu. Salon da aka rubuta ba daidai ba kuskure ne da za a ja wa layi, alhali da ka faɗi maganar kai tsaye da ba abin da ya same ka.

A IELTS fa?

IELTS jarrabawar Turanci ce ta masu neman karatu ko aiki a ƙasashen waje. Sashen magana minti 11 zuwa 14 ne, kuma ma'aunin maki ya ambaci iya amfani da irin waɗannan kalamai daga mataki na 7 zuwa sama. Amma abin da ake nema shi ne su fito da kansu a inda suka dace. Mai jarrabawa yana gane wanda ya haddato guda biyar ya zo yana neman inda zai cusa su. A sashen rubutu na ilimi kuwa ka bar na hira gaba ɗaya.

Sai na san asalin kowanne?

Ba dole ba, amma wani lokaci yana taimaka wa hadda. *Throw in the towel*, miƙa wuya, daga damben Turawa ne, inda mai horarwa ke jefa tawul cikin fage in ɗan wasansa ya jigata. *Learn the ropes* daga jiragen ruwa masu filafilai ne, waɗanda igiyoyinsu ke da yawa. *By the skin of my teeth*, sha da ƙyar, da *the writing on the wall*, alamar faɗuwa ta bayyana, daga Baibul suka shiga harshen, yau kuma kowa na faɗinsu ba tare da nufin addini ba. *Once in a blue moon*, abin da ba a cika gani ba, ana danganta shi da cikar wata sau biyu a cikin watan Turawa guda. Tun da wata na cika duk kwana 29 da rabi, hakan kan faru kusan sau ɗaya a shekara biyu da rabi zuwa uku.

A yi hattara da labaran asali da ke yawo a intanet. Na *raining cats and dogs* da ke cewa karnuka da kyanwoyi ne ke zamowa daga rufin ciyawa in ana ruwa ba shi da wata hujja.

Guda nawa zan koya, kuma ta yaya?

Biyar a mako. A shekara 260 ke nan, sun fi abin da yawancin masu koyo ke buƙata. Ka ware littafi, kowane salo ka ba shi layi huɗu: shi kansa da cikakkiyar siffarsa, jimlar da ka tsince shi a ciki, takwaransa ko bayaninsa da Hausa, sai wurin da ake faɗinsa, hira ko ofis ko jarida. Ka ƙara jimla taka ta kanka a kan abin da ka sani, kasuwarku ko makarantarku. Ka waiwaye su washegari, bayan kwana 3, bayan mako, sannan bayan mako 3, kana rufe Turancin kana tunowa daga Hausar. Waɗanda ka tsinta da kanka a labaran rediyo ko jarida sun fi zama a kai fiye da jeri ɗari da aka tura maka a waya, domin sun zo da mahallinsu.

A ina zan same su a ƙamus?

Ba a ƙarƙashin *a*, *the* ko *in* ba. Ƙamusun masu koyo, irin na Oxford da Cambridge, suna ajiye salo a ƙarƙashin babbar kalmar da ke cikinsa, galibi suna ko aikatau na farko, can ƙarshen bayanin kalmar. In ba ka ga *spill the beans* a *spill* ba, duba *bean*. Ka karanta 'yar alamar da ke gefensa: *informal* na hira ne, *old-fashioned* ya tsufa, *humorous* na raha ne, *offensive* kuma a guje shi. Manhajar fassara ta waya takan dace da sanannun, ta kwafsa a sauran, musamman in zuwa Hausa ne.

In ana hira aka faɗi wanda ban sani ba, me zan yi?

Ka tambaya. *Sorry, what do you mean by that?* ko *I haven't heard that expression before* sun wadatar, kuma Turawa kansu suna yi wa juna wannan tambayar in ɗaya daga Ingila yake ɗaya daga Amurka. In hirar raha ce kana iya bari ta wuce, ka rubuta shi ka duba daga baya. In kuwa maganar kuɗi ce, ko ranar miƙa aiki, ko umarnin likita, kada ka gyaɗa kai a kan abin da ba ka gane ba. Ka maimaita da kalmominka: *So you mean we should stop now and continue tomorrow?* In ya ce *yes*, shi ke nan. In ya ce *no*, zai sake faɗa maka da Turanci miƙaƙƙe.